Itatuwa Bakwai na Baba

Mahaifina ma'aikacin gandun daji ne. Shekarar da ya yi ritaya ya dasa itatuwa bakwai a bayan gidanmu na Yelwa, irin masu ganye kamar allura, waɗanda ake kira bishiyar Kirsimeti. Duk ƙarshen shekara maƙwabtanmu 'yan kudu sukan zo roƙon reshe, Baba ya yanka musu da kansa, don bai yarda kowa ya sa wa itatuwan wuƙa ba. Bayan rasuwarsa, da irinsu nake rainon dashe ina sayarwa a bakin titi.

Sai wani Alhaji ya sayi filin da ke jikin katangarmu, ya kafa masana'antar fasa tsofaffin batura. Ruwan batir da baƙin mai duk a rami ɗaya ake juyewa, taku biyar daga gindin itatuwan. Damina ɗaya ta isa. Suka daina tsawo, ganyen ya yi ja yana zuba, ƙasar wurin ko ciyawa ta ƙi fitowa. Na sami Alhajin a ofishinsa, na durƙusa na gaishe shi.

"Alhaji, ruwan nan yana kashe mini itatuwan mahaifina."

Bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Malam, itace ma ajali gare shi kamar mutum. Ka yi haƙuri."

Haƙuri! Shida na sare da hannuna cikin shekara uku, na bakwai ya tsaya rabinsa a bushe. Na tsani mutumin nan, ba zan ɓoye ba. Ko ƙarar motarsa na ji sai abinci ya fita raina.

Rannan sai ga motar ta tsaya a gaban shukokina. Bai ma gane ni ba. Wai ya gama sabon gida, yana son irin bishiyar nan guda goma sha biyu a jere. A sana'armu mai dashe ne ke zuwa da ƙasar cika rami. Na ce an gama, ranka ya daɗe. Rama cuta ga macuci ibada ne. Na haƙo ƙasar jikin katangar masana'antarsa buhu-buhu, na cika ramukan da ita, na rufe da taki mai kyau a sama.

Bayan wata biyar ya aiko a kira ni. Duk itatuwan sun yi ja, tun daga ƙasa har sama.

"Safe da yamma ana ba su ruwa," in ji shi. "Me ya same su?"

Na ce, "Alhaji, itace ma ajali gare shi kamar mutum. Ka yi haƙuri."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni sosai. Wallahi na ji daɗi, har unguwar Wunti ina dariya a cikin keke napep.

Da na isa gida na zagaya baya in tsinci iri. Na bakwai bai yi ko ɗaya ba, bai kuma sake yi ba. Sha biyun nan da na kashe su ne 'ya'yansa na ƙarshe.