Keken Ɗanmaliki a Kan Sikeli

Ɗanmaliki, Allah shi jiƙan shi, dillalin tsofaffin kekuna ne a bakin titin Kankia. Mutumin Kaikai ne, tare muka tashi. Arziki bai taɓa zama a hannunshi ba, amma ciniki kam ya san daɗinshi. In manomi ya zo daga Sukuntuni ya taya, sai ya dafa sirdi ya ce albarka, ya murza feda, ya bar mutum ya saurari kukan sarƙa. A yi ta ja har rana ta karkata, a yi fushi, a tafi, a dawo, sannan a sallama. Yakan ce wanda bai yi gardama kan keke ba, ba zai kula da shi ba.

Sai babura suka cika gari. Masu hali suka haye, marasa hali ko kuɗin faci ba su da shi. Rumfarshi ta koma wurin shan inuwa. Masu leƙowa sai 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe da awo, su kuwa ko taɓawa ba ya bari su yi.

Lokacin da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, keke guda ya rage mashi. Matarshi Kubura ta saida awakinta, ta saida gero. Shi dai a jira, mai hawa zai zo. Damina ta raba, ba wanda ya taya.

Da magani ya ƙare, Kubura ta aika aka kira Labaran ɗan gwangwan. Ɗanmaliki na jingine da bangon zaure ya ga an fiddo sikeli.

"Ɗana, aje wannan tukuna," in ji shi. "Ka taya mani ko nawa ne. In ce albarka, ka ƙara, in sallama."

Labaran ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. "Baba, ƙarfe ne fa. Abin da ya hau shi zan biya. Tayoyin ma a cire, ba na sayen roba."

Ɗanmaliki ya ce a miƙo mashi sifana. Ya kwance tayoyin da hannunshi yana haki, ya hana kowa taimaka mashi. Aka rataya sauran a sikeli.

Maganin bai kai ko'ina ba. Kafin a yanke gero muka kai shi makwancinshi.