Kyamarata da Ƙwan Gidan Alhaji

Bayan isha'i ina kan soro ina saita kyamara, sai maƙwabcina Alhaji Lawal ya yi sallama, fuska a ɗaure.

"Malam Sani, iyalina sun ce tsakar gidana kake ɗauka. Gobe zan ga mai unguwa."

Na sauko na nuna masa hoton: wani jan gajimaren ƙura da gas can cikin sararin samaniya, inda sababbin taurari ke samuwa.

Ya daɗe yana kallo.

"Me ya sa gefen nan ya yi fari?"

"Hasken ƙwan ƙofar gidanku ne, Alhaji."

Tun ranar, da na hau soro sai ya kashe ƙwan. Bai sake tayar da maganar ba.

Ku fa, maƙwabci ya taɓa ba ku haƙuri ba da baki ba?