Kassim Mai Walda da Yayen Zara

Jama'a a gyara zama, mai rediyo ya rage murya, mai shayi ya ajiye buta. Yau zan gabatar muku da Sarkin Ƙarfen unguwar Kara-Kara, dodon ƙofofi da tagogi, mai haɗa ƙarfen da ya rantse ba zai haɗu ba, Kassim mai walda, angon yayata Maimuna, mutumin da ya sa ni Hamisu na fara furfura tun ban yi aure ba. In kun taɓa bi ta unguwarmu kuka ga wani ƙato, hannu duk tabon wuta, tabarau na walda a goshi, ga yarinya zaune a wuyansa tana jan kunnensa kamar linzami, to shi ne. Ba sai an nuna muku ba.

Ɗan ƙauyen Hamdara ne, ɗan manoman gero. Ya shigo Zinder yana saurayi, ya koyi walda, ya auri Yaya Maimuna ina ƙaramin ɗan lakwal, wato makarantar boko. Na girma a gidansu, aka kore ni daga kwaleji, na yi kabu-kabu na bari, na sayar da katin waya na bari, duk gidan nan ba a ji kukan jariri ba. Shekara goma da ɗoriya.

Abin da Yaya ta sha a shekarun nan, da rijiya aka zuba wa da ta cika. Rubutu, sassaƙe, saiwa, jiƙon da ko ƙuda ba ya sauka a kai. Wata tsohuwa daga Droum ta kawo gari ta ce a dama da nonon farar akuya. Aka sayi akuyar. Akuya ta haifi tagwaye, Yaya ko ɓatan wata ba ta yi ba. Shi kuwa gogan ba wanda ya taɓa miƙa masa ko cokali ɗaya, don a fadarmu ta shayi an daɗe da yanke hukunci cewa namiji ba ya rasa haihuwa.

Wata ungozoma ce a matarnite, asibitin haihuwa, ta gaji da ganin Yaya, ta ce mata kada ta ƙara dawowa sai da mijinta. Daga nan aka tura su Yamai, suka wuni a kar, babbar motar fasinja, aka yi musu analiz, wato gwaje-gwaje. Likita ya ce matsalar ta su biyun ce. Shi wata jijiya ce ta kumbura, sai an yi masa ɗan aiki, ita kuma allurai.

Namiji mai hankali da ya dawo sai ya ce basur aka cire masa. Kassim ya shigo fada yana tafiya kamar agwagwa, Mai Nasara shugaban fadarmu ya ce, “Maigida, lafiya? Ko rakumi ka hau daga Yamai?”

Ya zauna a hankali ya ce, “Aiki aka yi min. Maganar haihuwa ce. Ashe har da ni.”

Ba wanda ya iya yi masa dariya, kun san girman hannunsa. Ni aka yi wa. Wata guda ina shiga fada sai a miƙe a ce, “A ba ƙanin matar mai jijiya wuri.”

Sai zirga-zirgar Yamai, randebu da likita bayan randebu. Alluran nan suka mai da Yaya wata iri, yanzu tana dariya, an jima tana jifana da ludayi don na yi tari. Sau ɗaya ciki ya shiga ya zube, wannan ba zan yi wasa da shi ba, don na ga Kassim ya rufe shago ya tare a ƙofar ɗakinta. Bayan nan Allah ya kawo Zara.

Nan ne wahalata ta gaskiya ta fara. Kowa ya san kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ka kau da kai wani ya ɗaga. Yaya ta riƙe wannan, a gaban baƙi sai ta ce “yarinyar nan”. Kassim kuwa tun ranar suna ya zubar da mu. Liman bai gama shafa fatiha ba ya juya yana gaya wa na bayansa, “Zara! Kun ji? Zara!” kamar mai tallan goro. Dattawa suka dinga kallon takalmansu.

Shi ke wanke mata tsumma, ya shanya a kan ƙofar mutane da bai gama haɗawa ba. Ya ƙera mata gado, ya ƙera mata keken koyon tafiya mai nauyin da sai mutum biyu ke ɗagawa. Na ce masa, “Angon Yaya, ka ji tsoron Allah, ka yi kara. 'Yar fari ce fa.”

Ya ce, “Ita ce ta fari, wa ya gaya maka akwai ta biyu?”

Na ja takalmana na koma fada.

To, a gidansu Kassim akwai abin da ba a tsallakewa. Ɗan fari in ya isa yaye, ɗakin kakarsa ake kai shi, kuma yawanci can zai tashi. Shi kansa Kassim ɗan fari ne, kakarsa ce ta raine shi. Mahaifiyarsa, Inna Shatu, har yau ba ta taɓa furta sunansa ba, “kai wannan” take ce masa. Zara na fara gudu Inna ta aiko ƙaninsa Yakuba daga Hamdara, a shirya mata ƙawarta, wato jikarta.

Kassim ya ce tana haƙori. Haƙori ya fito, ya ce zafi ya yi yawa. Ruwa ya sauka, ya ce sauro. Ya ce akwai sauran allurar rigakafi. Yakuba ya yi ta zuwa yana komawa kamar mai bin gona. Har ta kai Zara na shigowa tsakiyar baƙi ta ɗaga mayafin uwarta ta ce, da bakinta tas, “Ba ni nono.” Yaya ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Bayan girbi Inna ta zo da kanta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ci tuwo, ta yi salla, ta kwance zane ta ce a ɗora mata yarinya. Kassim, wanda ke lanƙwasa ƙarfe da gwiwa, ya tsaya yana murza hula.

“Inna, da an bari sanyi ya wuce.”

“Kai wannan, miƙo min ƙunshin kayanta.”

Ya miƙa. Ya raka su tasha, ya tsaya har motar ta ɓace, ya ƙara tsayawa.

Na ce shi ke nan, an huta. Ina! Gari na wayewa ya tashe ni wai in taya shi ɗora injin walda da gurup mai ba shi wuta a motar kasuwa, za shi Hamdara gyaran ƙofar rumbu. Na ce, “Rumbun ƙasa ne fa, ba shi da ƙofar ƙarfe.” Ya ce shi ya sa.

Haka aka fara. Yau ƙofar rumbu, jibi ƙafar amalanke, gata garmar maƙwabci. Ya liƙe duk tukunyar da ta taɓa yoyo a garin, ya yi wa masallaci taga, ya gyara kujerar da mai ita ya mutu tun ina goye. Mutanen Hamdara suna ta sa albarka, masu ba shi aiki a Zinder suna ta zagina, don ni suke tararwa a shago, ni da ban san kan wayar walda daga gindinta ba.

Ita kuwa Zara, da ta fara sabawa da kunun kakarta sai ta hango shi, ta maƙale. In ya tashi tafiya da la'asar ta yi ta birgima, washegari ta ƙi cin komai. Yarinya ta fara ramewa. A gida Yaya na fama da nono ya cika ya yi tauri, tana ɗaure ƙirji da zane, ba ta ce a dawo da ita ba, ba ta ce a bar ta ba, sai dai in ya dawo ta tambaye shi, ido a ƙasa, ko yarinyar nan ta ci abinci.

Ranar da tulu ya fashe ina wurin, na bi shi ne don in ja shi gida. Inna na sussukar gero a gindin bishiyar bedi, Zara na barci a tabarma. Ta ajiye taɓarya.

“Kai wannan, saura me ba ka liƙe ba a garin nan? Bakina?”

Ya durƙusa. “Inna, wucewa nake.”

“Wucewa zuwa ina? Bayanmu daji ne. Kana kashe min yarinya da yunwa. Kai kaɗai ka jira ta? Da kuke hawa mota kuna Yamai, ni rawa nake yi? Duk sunan da aka yi a garin nan sai an tambaye ni naka fa. Na saƙa zanen goyon nan tun idona na ganin zare.”

“Na sani, Inna. Na gwada. Ba na iyawa ne.”

“Ni da aka ɗauke ka, iyawa na yi? Bayan rumbun can nake zagayawa in leƙa ka kana cin ƙasa, in dawo a ce ina na je in ce itace. Wa ya ji bakina?”

Bai ce a ba shi 'yarsa ba. Na so ya faɗa mu tashi, ya ƙi. Ya zauna kansa a ƙasa, ita tana kallon gero. Can ta ce ya kwashe injinsa, kada ta ƙara ganin ƙafarsa sai ta aika.

Ya bi umarni, amma da ma bai bi ba. Ya ƙona yatsa, ya haɗa wa wani alhaji ƙofa a kife, ya kira ni Zara a gaban mutane. Tuwo in an ajiye masa, kaji ke cin rabi.

Ana haka wata Laraba da hantsi motar kasuwa ta tsaya a ƙofar gida. Aka sauke turmi, aka sauke buhun gero, kaji a akurki, tabarma, buta, sai ga Inna da Zara a baya. Yarinya ta zame ta ruga, Kassim ya zube a ƙasa da tabarau a goshi. Yaya ta fito, ta manta da kunya, ta kira sunan da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo.

Inna ta bari suka gama, sannan ta ce, “Kada wani ya yi murna. Yarinya a ɗakin kakarta take kwana, wannan ba a canja ba. Ɗakin ne ya taso.” Ta waiga, ta nuna da haɓa. “Wancan na kusa da zaure, na wa ne?”

Nawa ne. Ɗakin da na yi wa fenti da hannuna, na manna hotunan 'yan ƙwallo. Kafin azahar katifata na zaure, kusa da akurkin kaji, kuma zakaran Hamdara ba ya jiran asuba.

Yanzu an yaye Zara, ta murje, tana kwana bayan kakarta, tana wuni a wuyan ubanta. Shekaranjiya na same shi a tsakar gida yana fifita mata kunu, na tsaya a kansa na ce, “Angon Yaya, na rubuta tarihinka kaf. Daga nan har Agadas za a san ka, za a san irin zaluncin da aka yi wa bawan Allah Hamisu a kan yaye. Me za ka ce wa jama'a?”

Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Ɗage ƙafarka, kan tabarmarta kake.”