Katako Mai Hular Kwano

Kakarmu Dada ba ta taɓa kiran sunan mahaifinmu ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatana ce ta gaske, kunya ta hana ta ko haɗa ido da shi. In za ta ba shi saƙo sai ta dubi ɗayanmu ta ce, "Ku gaya wa mutumin nan," alhali yana zaune yana ji.

Bayan sallar isha mukan taru a gindin murhu, garwashin tuwon dare bai gama mutuwa ba, tana gasa mana gyaɗa tana tatsuniya. A shekarun ne Dutse ta zama babban birnin jiha, kowa a ƙauyenmu ya kamu da son rufin kwano. Baffa, wato mahaifinmu, ya rushe tsohon soron Dada mai yoyo, ya tayar mata da ɗakin bulo.

Ranar da aka hau rufi, kafinta Malam Sale ya shimfiɗa katako a kan bango, ya jera katakon silin a kansa. Ya ce sai ya kafe kowanne da ƙusa a karkace ta gefe biyu, sannan ya ɗaure na kan bangon da langa-langa. Baffa mutum ne mai gaggawa, ga hadari ya fara haɗowa. Ya ce, "Malam Sale, azarar gidan nan wa ya taɓa buga mata ƙusa? Ɗora kwano kawai." Dada tana tankaɗe a gefe, tana jin su.

Da dare Baffa na kan tabarma da rediyonsa, sai Dada ta ce, "To, ga ta nan tafe." Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai Bango da tsohuwa Azara aminai ne. Tana zaune a kansa da ƙasa jibge a bayanta, Iska ta yi ta yi ta kasa ɗaga ta. Da gara ta cinye Azara, sai jikanta Katako ya zo daga birni da hular kwano tana walƙiya. Bango ya ce ya miƙo hannu su riƙe juna.

Nan Dada ta shaƙe murya irin ta 'yan birni: "Ni jaki ne da za a ɗaure ni? Kakata ta zauna a kanka ba igiya!"

Bango ya ce, "Yaro, kakarka nauyi ne ya zaunar da ita. Kai me gare ka ban da hula?"

Da damina ta kawo kai, Iska ta zo ta yaba hular, ta ce bari ta leƙa cikinta. Tana shiga ta ƙasa ta yi sama da Katako, ba a tsince shi ba sai a gonar gero a Buji, Bango kuwa ya kwana ruwa na dukan kansa. Muka yi ta dariya har ƙanwata ta ƙware da gyaɗa. Ban lura ba a lokacin, amma tun tsakiyar labari rediyon Baffa ya yi shiru.

Washegari ƙarar guduma ce ta tashe mu. Malam Sale na sama da ƙusoshi a baki, Baffa da kansa yana miƙa masa langa-langa, fuskar nan a murtuke.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a kan girman kai take. Sai da na girma, na tsaya a kan nawa ginin a Dutse ina duba ƙusoshin kafinta, na gane ba mu aka yi wa ita ba. Ita ce za ta kwana a ɗakin, ga shi ba ta da bakin ce wa ɗanta ya yi kuskure, sai ta bi ta kanmu. Raina ya sosu ƙwarai da na gane haka.

A ɗakin nan Dada ta rasu. Iskar damina ta sha kwashe rufin maƙwabta, nata ko motsi bai taɓa yi ba.