Dauda Kamasho da Sunan da Ba a Kankare Ba

Tun kafin masu ƙosai su ɗora kasko Dauda yake shiga tashar Kankia. Ya jingine kekensa a gindin bedi, ya zagaya motocin da suka kwana, ya faɗa wa kowane direba layinsa. Daga nan sai kira: Kusada, Kusada, saura mutum biyu, ko da kuwa saura biyar ne. Ya ɗaura buhu, ya tallafi tsohuwa ta hau, ya raba faɗan kujerar gaba, ya karɓi ɗan abin da direba ya miƙo mashi. Haka yake tun gashinsa na baƙi. Ɗan kamasho ne, aikin da ba wanda ke yi wa ɗansa addu'ar ya gada. An ce ƙarshen watan nan zai aje, ya koma gona, domin kunnensa na hagu ya daina ji. Ni na san abin da ya kashe kunnen, shi ya sa na ce sai an rubuta.

Sunana Basira, a Kusada nake. Ban yi boko ba. Maƙwabciyata Malama Karima ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata kar ta sassauta mani magana ko ɗaya.

Marigayi maigidana ya bar mana tsohuwar mota ja, autana Hafizu yana jigilar fasinja da ita tsakanin Kusada da Kankia. Ranar da ya fara ja, ya kai ta wurin mai fenti aka rubuta a gilashin baya: Autan Basira, Kusada. Da ta tsufa har garejin ya fi tasha ganinta, sai wani dillalin motoci da ke bakin titin Kano ya yi mashi tayin musanya. Ya kawo tsohuwar, a ɗauke ta a matsayin kafin alƙalami, a ba shi wata fara mai lafiya, cikon kuma ya riƙa biya wata-wata. Takardar bashi an yi ta, an sa hannu, an dangwala. Tsohuwar mota kuwa hannu da hannu aka miƙa ta, aka shafa fatiha.

Direbobin da suka raka shi sun ce mashi ya kankare rubutun kafin ya ba da makulli. Ya karɓi reza, ya tsaya, ya kasa. Ya ce shi ba zai goge sunan uwarsa da hannunsa ba. Dillalin ya yi dariya ya ce, "Bar shi, ɗan albarka, yarana za su goge." Ba su goge ba. Ya sayar da ita yadda take, ga wa, Allah ne masani.

Bayan damina labari ya fara yawo cewa ana ganin wata jar mota tana shiga daji da jarkokin mai da buhunan burodi. Kowa a ƙasar nan ya san masu cin wannan burodin. Sai 'yan bindiga suka faɗa wa wani ƙauye, suka kashe mutane, suka tafi da wasu. Waɗanda suka tsira suka ce ai motar da ke kai masu kaya da suna a bayanta.

Ba ni wurin lokacin da abin ya faru a tashar Kankia. Hawwa'u mai ƙosai ce ta gani, da direbobi, kuma bakinsu ɗaya. Ranar kasuwa ce, da hantsi, Hafizu na cikin farar motar yana jiran layi. Samari suka shigo tasha da gora da adduna, suna tambayar wane ne autan Basira. Hawwa'u ta ce matsamin hannunta ya faɗi cikin mai, ba ta ma sani ba. Masu shago suka fara jawo ƙofa. Direbobin da suke cin tuwo kwano ɗaya da ɗana, kowa ya sami abin dubawa a ƙarƙashin motarsa.

Dauda ya taka a hankali kamar zai duba taya, ya buɗe ƙofa, ya kamo Hafizu a wuyan riga ya ce, "Fito, shugaba na kiranka." Ya tura shi ɗakin ƙungiyar direbobi, ya datse kwaɗo, ya jefa makullin cikin aljihunsa, ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa. Sai a lokacin samarin suka gane.

Na gabansu wani saurayi ne, Kamalu, wanda aka kashe yayansa a harin. Ya ce, "Baba, tashi."

Dauda ya ce, "Ƙafata ke ciwo, ɗana."

"Ka tashi tun muna ganin furfurarka."

"Ku yi ta ganinta, ba inda za ta. Wadda kuke nema ta bar tashar nan tun kafin shuka. Ni na yi mata lodin ƙarshe. Ga wadda yake ja can, fara, ku je ku shafa."

Wani daga baya ya ce, "Kai da ke cewa saura mutum biyu alhali mota wayam, kai za mu yarda da kai?"

Dauda ya ce, "Wannan ƙaryar ta naira ɗari ce, kuma kowa ya san ta. Ban taɓa yin ta a kan rai ba."

Daga nan aka sauke mashi gora a gefen kai. Hawwa'u ta ce ta ji ƙarar daga inda take. Ya kife, ya dafa ƙasa, ya koma kan bencin, jini na bin wuyansa. Ya dubi Kamalu ya ce, "Yayanka na sha ɗaura mashi buhu a nan. In ka kashe wanda bai ji ba bai gani ba, mai jar motar zai kwana lafiya, gobe ya sake kai burodi. In kuwa sai ka shiga, to ta kaina."

Kamalu ya tsaya da adda a hannu, ya fashe da kuka. Ganin jinin tsoho ne ya sa direbobin suka ji kunya, suka fito ɗaya bayan ɗaya suka jeru a bayan bencin. A haka 'yan sanda suka same su, suka tafi da Hafizu.

Ni ina tankaɗe aka zo aka ce mani an kashe Hafizu a Kankia. Haka aka faɗa. Ban san wanda ya ɗora ni a mashin ba, takalmi ƙafa ɗaya na isa. Ba na fata ko maƙiyina ya yi irin wannan tafiyar.

Dauda, kai ne ka bi motar 'yan sanda da tsumma ɗaure a kai, kafin ka je asibiti. Kai ne ka bi direbobi gida-gida har suka yarda suka ba da shaida. Kai ne ka tsaya mashi aka ba da beli, kai da ba ka da abin da ya wuce keke. Bango majinginar marayu. Da na zo gode maka, na durƙusa ina magana, sai ka juyo mani ɗaya kunnen ka ce, "Innar Hafizu, ta nan za ki biyo, waccan ƙofar an rufe." Na yi dariya, na koma gida na yi kuka.

Kar wanda ya ɗauka magana ta mutu. Har yau ba a kama jar motar ba, tana can tana yawo da sunana. Duk mashin ɗin da ya tsaya a ƙofar gidanmu sai na leƙa in ga ko wane ne. Idan Hafizu ya wuce la'asar bai dawo ba, a bakin ƙofa nake tsayuwa ina duban hanya. Hanyar Sukuntuni, ta wajen daji, ya daina bi gaba ɗaya. Dillalin kuwa, da aka tambaye shi, cewa ya yi motoci da yawa ke bi ta hannunsa, bai tuna wata ja ba. Amma bai taɓa manta ƙarshen wata ba. Har ya aiko cewa in aka sake yin latti zai ɗauke farar.

To ka ji, Alhaji dillali, ban ambaci sunanka ba domin an ce maganar na gaban hukuma. Ba sadaka na roƙe ka ba, bashinka za a biya. Abu ɗaya nake nema: ka fito gaban mutane ka ce ka karɓi motar nan, ka faɗi wanda ka sayar wa. Ku ma da kuka shafa fatihar cinikin, kuka sha lemo, bakinku bai ciwo. Kuma duk mai shirin ba da tsohuwar mota a yi mashi musanya, ya kankare duk abin da ke jikinta, a rubuta an karɓa, a gaban shaidu. Sunan uwa ba ya jin zafin reza. Da Hafizu ya tambaye ni, da ni zan goge da hannuna.

Da Hafizu ya koma layi, fasinja suka ƙi shiga motarsa. Mutum ya leƙo, ya ga fuskarsa, ya ce zai jira ta baya. Ya wuni ba ko mutum ɗaya. Washegari Dauda ya buɗe gidan gaba ya zauna, ya ciro kuɗin mota daga aljihunsa ya biya a gaban kowa, shi da ba shi da kowa a Kusada. Ya leƙo ta taga ya ce, "Kusada, saura mutum biyar. Yau gaskiya na faɗa." Wata mata mai goyo ta shiga, sai wani malami, sai mota ta cika.

Na gode, Dauda. Allah ya tsare maka ɗayan kunnen, ya sa gonarka ta yi albarka, ya ba ka wanda zai tsaya maka ranar da kake buƙata. Ku kuma mutanen Kankia da Kusada, bencin nan yana nan a ƙofar ɗakin ƙungiya, daga ƙarshen wata ba kowa a kansa. Ɗana kuma kullum sai ya shiga tashar nan. Ina son in ji wanda zai zauna.