Turancin Babana Masinja

Jiya jikana na kallon ƙwallo a falo, na ji mai sharhi ya ce momentum. Ina riƙe da tsintsiya, sai na ajiye ta, na nemi kujera na zauna. Ku bari in ba ku labarin inda na fara jin kalmar nan, don ta daɗe tana cina.

Babana masinja ne a wani ofishin gwamnati, muna zaune a Runjin Sambo. Lokacin kuɗin mai sun shigo, gari ya cika da sababbin babura da rediyo, yara masu satifiket suna zuwa ofis yau, gobe su ne ke aikensa sayo goro. Abin ya tsaya mashi a rai. Sai ya ƙudura zai zauna jarrabawar zama akawu, wadda Turanci ne ƙashin bayanta, shi kuwa iyakarsa yaƙi da jahilci.

Akwai wani malamin firamare da ke haya a maƙwabtanmu, Kirista ne daga ƙasar Filato, kowa Ticha yake ce mashi. Shi ya ɗauki nauyin koya wa Baba, bai karɓi ko sisi ba. Kullum bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gida, a zafin bazarar Sakkwato da ko inuwa gumi take sa mutum. Ni kuma ina aji biyar, aikina in riƙe littafi in ja mashi baƙi ranar da Ticha ba ya nan. Gaskiya ban so aikin ba, don daidai lokacin ne ƙawayena ke gaɗa.

Wata rana Baba ya ce zai huta kwana biyu. Ticha ya ƙi. Ya nuna mashi wani mai amalanke da ke wucewa, ya ce ya dubi yadda turin farko ke fitar da jijiyar wuya, amma in ta ɗauki tafiya, kusan ita ke jan mai ita. Wannan ƙarfin, in ji shi, shi Turawa ke kira momentum, kuma karatu ma haka yake, in ka tsaya sai ka sake turin farko.

Ai kuwa Baba ya samu abin faɗa. Inna na daka ta tsaya share gumi, sai ya ce ta yi hattara kada momentum ya zube. In tuwo ya yi daɗi yana kai loma, momentum ne. Inna takan ce ita dai Turancin nan a riƙa cire shi a zaure tare da takalmi. Ban taɓa ganin Baba da walwala irin ta wannan shekarar ba. Har jarida yake arowa ya karanta da ƙarfi, yana bin layi da yatsa.

Saura wata biyu jarrabawa gwamnatin soja ta shiga sallamar ma'aikata. Kullum rediyo na karanto sunaye. Baba bai damu ba, yana cewa shi bai ci kuɗin kowa ba. Ashe abin da zai kayar da shi yana kwance cikin fayil. Ranar da aka ɗauke shi aiki yaro ne dogo, ba takardar haihuwa, sai kawunsa ya ƙara mashi shekaru masu yawa don a karɓe shi, kamar yadda kowa ke yi a lokacin. Takarda ta ce tsoho ne, aka sallame shi saboda tsufa, alhali furfurarsa ba ta kai a ƙirga ba.

Ticha ya yi ta zarya, yana cewa a ci gaba, akwai kamfanoni masu neman akawu. Baba ya ce a bari sai bayan salla. Salla ta wuce, damina ta zo ta tafi, Baba ya kafa tebur yana sayar da ashana da sabulu wajen Ƙofar Rini. Aka yi wa Ticha canjin makaranta zuwa wani gari. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, murna na yi, na samu la'asar ɗina.

Kusan shekara guda bayan haka, ina shirin fita, ya kira ni.

"Ɗiyata, ɗauko muna littahin nan, mu gani ko da saura."

Na ɗauko ina turo baki. Ya buɗe shafin da ya taɓa haddacewa, ya ɗora yatsa, ya kama kalmar farko ya sake, ya kuma kamawa, harshensa ya harɗe. Ni da ƙuruciya, sai dariya ta ƙwace mini.

"Baba, ai duk ya tsere maka."

Bai yi faɗa ba. Ya dube ni, ya rufe littafin a hankali, ya miƙo mini.

"Gaskiyarki. Tai ki yi wasanki."

Na ruga da gudu. Bai sake neman littafin ba har ya koma ga Allah, kuma ban sake jin kalmar Turanci a bakinsa ba.

Yanzu Turanci ya zama ruwan dare, yara na tsintar shi a waya ba tare da tabarma ko Ticha ba, ba su san akwai wanda ya yi gumi a kan kalma ɗaya ba. Na yi shekaru ina ɗora laifin a kan soja da kawun Baba, kuma suna da nasu. Amma sai da na girma na gane abin da ya faru ranar nan. Mutum ya yi shekara yana tara ƙarfin zuciyar sake turin farko, bai iya yi gaban kowa ba sai gaban 'yarsa. Abin da yake buƙata kawai in yi shiru na ɗan lokaci har ya kama kalmar, ni kuwa ban yi ba.