Gidan da Merv Yake Nema

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen lemo a bakin titin Loxton ya san Glenys Zadow, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan mai malafa, wadda ba ta ragi kuma ba ta murmushin banza. Ƙuruciyarta a gonakin inabi ta ƙare, sauran ƙarfinta kuma a rumfar da ake tantance lemo ana zubawa a kwali, har yatsunta suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Mu da muka taso muka gan ta, ba mu taɓa ganin ta sayi abu don kyansa ba. Ko kujera ta ɗauka a gwanjo sai ta kifa ta ta leƙa ƙarƙashinta. Shi ya sa da labari ya bazu cewa Glenys tana neman tsohuwar tafi-da-gidanka ƙirar Wirrabee, irin ɗakin nan da ake ɗaura wa mota a ja, sai mutane suka ce to, ita ma tsufan ya fara taɓa ta.

Kamfanin Wirrabee ya rufe tun 'yarta Karyn tana firamare. Babu mai yin robar tagoginsu yanzu, babu mai yin ƙyauren ƙofarsu, kuma kowa ya san halinsu: ruwa yakan shiga ta kusurwar gaba ya bi katako yana ci a hankali, daga waje alminiyam na ƙyalli, ciki kuwa ya zama gari. Masu son su sai sun sayi biyu kafin su haɗa ɗaya mai rai. Glenys ta san duk wannan, don a cikin Wirrabee ta yi amarci.

Abin da masu surutu ba su sani ba shi ne halin da mijinta Merv yake ciki. Ciwon mantuwa ya kama shi. Da safe lafiya lau, zai sha shayi har ya tsokane ta. Amma da rana ta karkata sai ya ɗauki hularsa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Glen, tashi mu tafi gida. Mun daɗe a gidan mutane."

A cikin gidan da suka gina da guminsu yake faɗin haka. In ta shiga banɗaki ta fito sai ta tarar ya fice. An taɓa tsintarsa a kan titin Berri da takalmi ƙafa ɗaya. Wata rana kuma wani mai gona ya kawo shi daga bakin kogi, wandonsa jiƙe har gwiwa. Tun daga ranar Glenys ba ta ƙara cin abinci ta ji ɗanɗanonsa ba. Karyn kuwa ta samo masa gurbi a gidan kula da tsofaffi, irin mai ƙofar da ba ta buɗuwa daga ciki, ana jiran uwar ta amince kawai.

Wane gida yake nema? Ta kai shi garin da aka haife shi, ya kalli wurin kamar baƙo. Sai wata la'asar ta same shi durƙushe a ƙarƙashin teburin cin abinci yana lalube, yana faɗa shi kaɗai.

"Wa ya cire marikin? Ta yaya za mu kwantar da teburin mu shimfiɗa gado?"

Nan ta gane. Tebur ɗaya ta sani a duniya da ake kwantarwa ya zama gado: na cikin tsohuwar Wirrabee ɗinsu.

Karyn ba ta ɓoye ra'ayinta ba. "Mama, don Allah. Akwatin da ya girme ni? In taga ta fashe ina za ki samo wata? 'Yan inshora ma dariya za su yi miki. In tafi-da-gidanka kike so, ga sababbi nan cike da fili, masu kamfani a raye."

"Sabuwa uwar me za ta yi masa? Ba yawo za mu ba. A bayan gida zan kafe ta, gindin bishiyar lemo."

"In kuma ya shiga bai gane ta ba fa?"

"Sai in sa miki hannu a takardar gidan tsofaffin, ki huta da ni."

"Ba hutu nake nema ba, Mama. Tsoro nake ji kada kogi ya ci Baba."

Ita ma Glenys tsoron da ke hana ta sakat ke nan.

An yi ta cigiya har aka ji akwai guda a Waikerie, wajen wani mai gonar zaitun da ake kira Spiro. Karyn ce ta tuƙa su, Merv a gaba yana ƙirga motocin da ba su nan, Glenys a baya. Tun da suka kama hanya abu ɗaya ke damunta, kuma ba maganar ruɓaɓɓen katako ba ce. A shekarun da ita da Merv suke bin kaka suna aikin girbi daga gona zuwa gona, suna da ɗa, Dougie, yayan Karyn da ba ta taɓa gani ba. Bai kai shiga makaranta ba ya faɗa magudanar ban-ruwa a wata gonar inabi, rana tsaka, mutane cike da gonar, gawarsa aka fitar. Kafin kakar ta ƙare suka sayar da Wirrabee ɗinsu. Glenys ba ta sake taka ƙafa cikin irinta ba, Merv kuma bai sake furta sunan yaron ba, ko da kuskure.

Spiro ya tarbe su da surutu, gajere ne mai tumbi da fara'a. Ya yaye tamfol, ga ta nan, fara mai ɗigon tsatsa da shuɗin layi a ƙugu.

"Ta surukata ce, Misis Zadow. Ita ma surukar, kamar kamfanin, ta rufe." Ya yi dariya shi kaɗai, da ya ga ba mai taya shi ya gyara murya. "Gaskiya zan gaya miki, ni kaji na so in zuba a ciki, matata ta hana."

Glenys ta fara daga waje, yadda ta saba da komai. Ta duba ƙugiyar ja, ta tsuguna da ƙyar ta leƙa ƙarfen ƙasa, ta bi robar tagogi da farce, robar tana marmashewa. A kusurwar gaba ta danna babban yatsanta, bango ya lotsa kamar burodi.

"Kin gani ko?" in ji Karyn. "Tun ba a je ko'ina ba."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni."

"Gefe guda ne kawai," in ji Spiro. "Akwai wani a Renmark da ke da matacciya irinta, zai sayar miki da taga da ƙyaure. Gadon sama ne dai ya tashi aiki. Kafin ki ɗauka zan ɓalle miki shi, kada ya faɗo wa Baba a ka."

Ta zagayo bakin ƙofa ta tsaya. Warin ne ya fara dukanta: tsohon katako, gas, labulen da rana ta dafa. Ba ta shiga ba. A zuciyarta ta riga ta yanke cewa wannan ba abin saye ba ne, kowane mai hankali zai juya, ita ma juyawar za ta yi. Har ta ji wani sauƙi na rashin kunya yana shigarta.

Sai Merv ya ratsa ta gefenta. Mutumin da a gidansa sai an nuna masa ƙofar banɗaki, ya sa ƙafa a matakin, ya sunkuyar da kai daidai inda dogo yake sunkuyarwa, ya miƙa hannu hagu ba tare da ya duba ba ya rataye hularsa a ƙugiyar da ke bayan ƙyaure. Ya ɗaga murfin risho ya leƙa. Ya zauna a bencin tebur, ya miƙe ƙafafu, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Kai, Glen," ya ce. "Yau mun sha hanya. Ɗora mana ruwa."

Rana ta riga ta karkata, lokacin da ya saba tsayawa a bakin ƙofa, ga shi zaune kamar an dasa shi. Karyn ta toshe baki da hannu. Spiro, da bai san dawan garin ba, ya buɗe murya zai ci gaba da tallarsa.

"Ai na gaya muku, waɗannan tsofaffin ƙira..."

"Shhh." Merv ya ɗaga yatsa, ya nuna gadon sama da haɓa. "Rage murya, abokina. Dougie na barci."

Babu abin da ke kan gadon sai tsohuwar katifa da gawar ƙudaje. Glenys ta dubi gadon. Ta ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ke sa gashin jiki tashi. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abin da ta ji kunyarsa: daɗi. Rabonta da jin sunan nan a bakin mijinta tun suna da baƙin gashi, ga shi ya fito masa a sauƙaƙe, kamar yanzu yaron ya gama shan madara.

Karyn ta jawo ta gefe, idonta ya kawo ruwa. "Mama, ki yi tunani. Kullum zai riƙa faɗin haka. Kullum, a kunnenki. Shi ba zai ji komai ba, ke za ki ɗauka."

"Na sani."

"Za ki iya?"

Glenys ta dubi lotsattsen bangon, ta dubi mijinta da ke kaɗa yatsu a kan tebur yana jiran shayi. Sannan ta juya ga Spiro, ta yi magana ƙasa-ƙasa, har sai da ya matso da kunne.

"Zan ɗauka. Kada ka taɓa gadon."

Yanzu tana nan a bayan gidansu, gindin bishiyar lemo, an ɗora ta a kan bulo, an lulluɓe kusurwar gaba da tamfol. Taga ɗaya daga Renmark ta zo, ɗayar har yau kwali ne. Merv bai ƙara fita neman gida ba. Da rana ta karkata za ka hangi Glenys ta ratsa tsakar gida da butar shayi, ta tsaya jim a bakin matakin kafin ta shiga. Mu maƙwabta, ba wanda ya ce mana mu yi, amma in za mu wuce ta jikin shingen a wannan lokacin mukan sassauta murya.

Abu ɗaya ta ƙara a ciki. Ta ji tsoron ranar da Merv zai miƙe ya leƙa gadon ya ga wayam, ya fita nema. Don haka ta zauna da lanƙwasassun yatsun nan ta ɗinka labule mai kauri, ta rataya shi daga wannan bango zuwa wancan, ta ce masa don haske ne, kada ya tashi yaron. Merv ya yaba da dabarar, bai taɓa yaye shi ba.

Karyn ta ce ran nan ta zo taya ta shara, ta kai hannu za ta ja labulen ta kakkaɓe katifar. Uwar ta cafke mata wuyan hannu da ƙarfin da ba ta san tana da sauransa ba.

"Bar shi," in ji Glenys, da raɗa. Merv kuwa yana can cikin gida yana aski, ba wanda zai ji su.